Dubu 15 na biya aka koya min numfashi, ga abun da na tarar a ajin

Ranar da na gaya ma Baban yara wai na biya naira dubu 15 dan a koya min numfashi, sai da ya ajiye cokalin hannunsa ya kalle ni sama da ƙasa yace to ke duk shekarun nan da me kike rayuwa, da batir? Bance masa komai ba dan ni kaina lokacin ji nake kamar an damfare ni ido biyu. Yanzu wata biyu kenan ina zuwa, sau uku kawai na yi fashi, to ina ganin na isa in faɗi abun da na gani mai daɗi da mara daɗi, tunda ƙawaye sun ishe ni da tambaya wai ya wajen yake, ya ci kuɗinsa ko kuwa irin yayin nan ne na matan Unguwar Rimi da ba su san inda za su kai kuɗi ba.

Wajen wani ɗan gidan motsa jiki ne na mata zalla a Malali nan Kaduna, bazan kama suna ba dan akwai abubuwan da zan faɗa da ba za su yi musu daɗi ba, kuma ba faɗa muka yi ba. Ajin numfashin Asabar da Lahadi ne, ƙarfe 7 zuwa 8 na safe, a takarda kenan, a zahiri kuwa sai kin ga bakwai da kwata ana ta jiran Hajiyoyi su gama fakin. Dubu 15 a wata, ko dubu 3 in rana ɗaya kike so ki ɗanɗana, suna karɓar taransfa, tabarmar roba tasu ce amma ni na fi son in zo da tawa saboda dalilin da kowace mace ta sani.

Abun da ya kai ni ba gayu bane. Ni malamar firamare ce, yara sun haura arba'in a ajina, in na taso kuma ina ɗan taɓa sayar da atamfa da leshi daga gida, muna zaune a Badarawa. Kusan shekara guda bacci ya zame min abokin gaba, zan kwanta lafiya lau amma ƙarfe 2 na dare ido ya buɗe tarwai, ƙirji yana dukan uku-uku, kai ya fara lissafi, kuɗin makarantar yara, cefane, kuɗin keke da ya ninka tun da aka cire tallafin mai a 2023, bashin da wance ta ƙi biya tun sallar layya, haka zan yi ta juyi har a kira assalatu. Wata rana kai ya dame ni na tsaya a kemis aka auna ni aka ga 148 bisa 94, na je asibiti suka maimaita awon sau biyu a ranaku daban suka ce hawan jini ne, aka ɗora ni a kan magani, likita yace in rage gishiri da dunƙule, in dinga tattaki, in rage tunani. Gishiri na gane, tattaki na gane, amma rage tunani fa? Famfo ne da zan murɗa in kashe? Kowa sai yace ki rage tunani, ba wanda ya taɓa nuna min ta ina ake kama shi. Wata abokiyar aikina ce ta ja ni ajin, ita ma fa dariya na yi mata da farko.

Wadda take koyar da mu Anti muke ce mata, aikin fisiyo ta karanta, irin masu gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi a asibiti, mace ce mai sanyin murya da ba ta da gaggawa ko kaɗan, kuma gaskiya ita ce kuɗin wajen gaba ɗaya. Ranar farko ba ta yi min wani dogon turanci ba, cewa tayi in kwanta rigingine, hannu ɗaya a ƙirji ɗaya a kan cibiya, in yi numfashina yadda na saba, ita kuma ta riƙe agogo tana ƙirgawa. Minti ɗaya 19 ta samu. Tace babban mutum in yana hutawa tsakanin 12 zuwa 20 ne, wato ban fita layi ba amma ina bakin katanga, alhali a kwance nake ba abun da ya biyo ni. Sai tace wane hannu ne yake motsi? Na duba, na ƙirji ne yake hawa da sauka, kafaɗuna har suna ɗagawa, na cibiya kuwa shiru kamar an dasa shi. Ta ɗauko wani ɗan ƙullin shinkafa kamar gwangwani biyu a leda ta ɗora min a ciki tace aikinki yau ɗaya ne, ki ɗaga shinkafar nan da iska, ba da ƙarfi ba. Wallahi abun kunya sai da na yi kusan minti goma ina fama, in na ja iska sai cikin ya shige ciki maimakon ya taso, juyin waina nake yi a baibai shekara da shekaru ban sani ba.

Bayanin da tayi shine akwai wani faffaɗan nama kamar kifaffiyar ƙwarya da ya raba ƙirji da ciki, dayafram sunansa a asibiti, shi ne babban injin numfashi, in ya yi ƙasa huhu ya samu fili ya buɗe iska ta shiga har gindinsa, kayan ciki su ɗan matsa gaba shi yasa ciki yake tasowa. Ki kalli jariri yana bacci, cikinsa ne yake hawa yana sauka. Mu kuma mata mun ɗaure shi ta ko'ina, ɗaurin zani kamar za a raba mutum biyu, bel ɗin matse ciki bayan haihuwa, siket ɗin da tela ya ɗinka ba wajen tuwo balle iska, ga tsuke tumbi in za a ɗauki hoto a biki har ya zame mana jiki. Sai aikin ya koma kan naman wuya da kafaɗa da ba a yi su dan wannan dakon ba, shi yasa da yamma nake jin wuyana kamar na yi tallan ruwa daga Kawo zuwa Mando.

Abun da ya sa na daina ganin wasa ne sai a sati na biyu. Ta sa kowa ta kama jijiyar wuyan hannunta ta nemo bugu, tace ku ja iska a hankali ku saurara, sannan ku sake ta a hankali ku saurara. Da kaina na ji, in na ja bugun sai ya ɗan ƙara sauri, in na saki sai ya lafa, ba labari aka bani ba yatsuna ne suka ji. Tace akwai wata doguwar jijiya da ake kira begas, ta taso daga ƙasan ƙwaƙwalwa ta bi wuya ta sauka zuciya da huhu da hanji, ita ce kamar birkin jiki, kuma lokacin fitar da iska ne birkin yake kamawa. Zuciya ba ta jin umarni, ba za ki ce mata ke tsaya ba ta tsaya, hanji ma haka, amma numfashi yana tafiya da kansa kuma kina iya karɓar sitiyarin in kin ga dama, to ta nan ake lallaɓawa a taɓo sauran. Nan ne na ce a raina ashe ga famfon da likita yake nufi.

Shi yasa duk darasinta a kan fitarwa yake, ba a kan ja ba. Da ni a tunanina numfashi mai kyau shine ka cika ƙirji fam kamar za ka hura balan-balan, tace a'a, mai lafiya jininsa a cike yake da oksijin, ta ma ɗauko ƙaramar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa wadda muka sani lokacin korona a 2020, ta bi mu ɗaya bayan ɗaya, kowa 97, 98, ba wadda take da gibin da za ta cike. Abun da yake tunzura mutum ya ja numfashi ma ba ƙarancin oksijin bane, taruwar kabon dayoksaid ce a jini, wato iskar nan da muke fitarwa, kuma jiki yana buƙatar nasa kason na wannan iskar, in kika yi ta haki kika kore ta da yawa hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa sai su tsuke, jiri ya ɗebe ki, yatsu da leɓe su fara tsiriri kamar kiyashi na bi. Ku riƙe wannan maganar dan zan dawo kanta in na zo ƙorafi.

Wanda ya karɓe ni a cikin abubuwan da ta koya mana shine mafi sauƙi, ja ta hanci ƙirgen 4, saki ƙirgen 6, ba riƙewa ba komai, daƙiƙa 10 kenan duk zagaye ɗaya, minti ɗaya ya zama numfashi 6 maimakon 19 ɗina. Minti biyar da safe minti biyar kafin kwanciya. Akwai mai kusurwa huɗu, ja 4 riƙe 4 saki 4 jira 4, shi ma ba laifi amma ƙirgen yana raba min hankali. Akwai 4, 7, 8 ɗin nan da ya cika YouTube wanda wani likita ɗan Amurka Andrew Weil ya yaɗa, ni kam bai yi min ba, riƙewar 7 ɗin sai in ji kamar an danna kaina a randa, na gaya mata tace to ki bar shi, ba farilla bane. Wannan na ji daɗinsa, ba ta da naci.

Sai kuma ajiyar zuciya, wadda mu Hausawa muke yi tun kaka da kakanni har in ka yi a gaban manya a ce lafiya, me ya dame ka. Ashe jiki da kansa yake yinta duk bayan 'yan mintuna ko ba a cikin damuwa kake ba, saboda ƙananan jakunkunan iska na cikin huhu, miliyoyi ne, wasu suna lanƙwashewa su manne, ajiyar zuciyar ce take sake buɗe su. Yadda ake yi da gangan, ki ja ta hanci, kafin ki saki ki ƙara ɗan ja kaɗan a kai, sannan ki saki doguwa ta baki. Daidai shessheƙar yaron da ya gama kuka zai yi bacci. Tace a jami'ar Stanford ta Amurka an gwada wannan, sakamakon ya fito a farkon 2023, mutane suka yi minti 5 kullum na wata guda, aka kwatanta da wasu salon numfashin da kuma zaman shiru na tattara hankali, masu ajiyar zuciyar su suka fi samun sauƙin rai. Ni dai na gwada ta a kan abun da ya fi Stanford zafi.

Wata Alhamis na dawo makaranta a gajiye, na shimfiɗa atamfofi a kan gado zan ɗauki hoto in tura ma wata kwastoma da ta riga ta biya rabin kuɗi, na fita ɗauko waya a caji, dawowar da zan yi na tarar auta ta hau gadon da kofin zoɓo, ta tuntsurar da shi a kan turmin da aka biya ɗin, mai farin fulawa kuma. Hannuna ya riga ya tashi sama, Allah shaida, na ji zafin ya taso daga ciki ya cika min kunne, yarinyar ta ƙanƙame jiki ta rufe ido tun kafin ya sauka, kuma wannan rufe idon ne ya tsaya min a rai dan ya nuna ta san abun da ya saba biyowa. Ban san ya aka yi ba na ja iska na ƙara na saki, na sake, na sake na uku, sai na zauna a bakin gadon. Haushin bai tafi ba fa, kar in yi muku ƙarya, turmin ya ɓaci kuma ni na ci asarar, amma hannun ya sauka a cinyata ba a bayanta ba. Na yi mata faɗa da baki, ta kawo tsumma muka goge tare tana ta satar kallona kamar an canja mata uwa. Daga baya ne na tuna ai wannan zaman ma an koya mana tun a Islamiyya, Annabi SAW yace wanda ya yi fushi yana tsaye ya zauna, in bai wuce ba ya kwanta. Mun haddace, aikin ne ba mu yi.

Bacci kuma alhamdulillahi. Har yanzu nakan farka wani daren, amma maimakon in kwana lissafi sai in kwanta ta gefen dama in kama 4 da 6 ɗina, yawanci ban kai ga sanin inda na tsaya da ƙirgen ba. Ba kullum ba, ranar da aka ɗauke wuta ga zafi ga sauro babu numfashin da zai cece ki. Awon jini na ƙarshe 132 bisa 84, amma dan Allah kar wata ta ɗauki wannan ta ce numfashi ne, ina shan maganina kullum ban taɓa tsallakewa ba, na rage dunƙule, ina zagaya unguwa da ƙafa bayan asuba, to wa zai raba min ladan tsakaninsu? Anti da bakinta take cewa duk wadda ta ajiye maganin hawan jini ko inhelar asma saboda ajinta to kar ta sake zuwa. Ƙirgen numfashina dai ta sake yi a sati na bakwai ta samu 13.

Wani abu da ta dage a kai shine hanci. Baki na cin abinci ne da magana, inji ta. Hanci yana tace ƙura da gashinsa da majinarsa, yana ɗumama iskar ya jiƙa ta kafin ta isa huhu, baki kuwa ƙofa ce a buɗe ba maigadi. Mu da muke Kaduna da hunturu ai ba sai an yi mana bayani ba, ƙurar nan da take tasowa tun daga hamada ta wajen Chadi ta rufe gari har ba ka hango ƙarshen gadar Kawo, ka tashi da safe maƙogwaro kamar an goga masa soso, leɓe a fashe. Na lura ni da baki a buɗe nake hawa keke, nake shara, har nake bacci inji mai bada labarin munshari na. Gyaran wannan ya fi komai wuya dan sai kin yi ta kama kanki.

Ɓangaren da na fi jin tsoro kafin in je shine na addini, dan na ji ana cewa irin waɗannan abubuwan daga yoga aka samo, kuma gaskiya ne mutanen Indiya sun daɗe da tsarin numfashinsu da suke kira piranayama wanda yake haɗe da ibadarsu. Na shiga da shirin in na ga an fara haɗa tafi ana rera wani abu in naɗe tabarmata. Babu ko ɗaya. Ba kiɗa, ba wata kalma da ake maimaitawa, ƙirge ne kawai da agogo. Mintuna biyar na ƙarshe take cewa kowa ta yi shiru da abun da yake zuciyarta, mu muna tasbihinmu a ɓoye, akwai mata biyu Kirista da suke tsallako kogi daga Barnawa suna tasu addu'ar, ba mai shiga sabgar wata, a tashi a gaisa a tambayi yara. A garin nan da kowa ya san yadda kogin ya raba mu, wannan kaɗai ya burge ni.

Amma inda abun ya taɓa ni da gaske a kan sallaya ne, kuma ba Anti ce ta koya min ba, shi ya biyo ni gida. Ni fa sallata ta zama irin ta mai tukunya a wuta, kabbara, caka-caka, sallama, wani lokacin in idar ban san surar da na karanta ba. Da na saba jin numfashina sai na fara lura ashe a ruku'u ma ban cika sakin iska ɗaya ba na ɗago. Kuma mun san hadisin mutumin da ya yi salla a gaban Annabi SAW aka ce ya koma ya sake dan bai yi salla ba, har sau uku, abun da ya rasa natsuwa ce a kowane rukuni. Yanzu kafin in tada kabbara nakan tsaya in saki numfashi biyu uku a hankali, ba wai na ƙara wani abu a ibada bane, tsayar da gudun da na shigo da shi daga kicin nake yi. Tasbihin bayan salla 33 ɗin nan da nake zazzagawa kamar ana ƙirga gyaɗa, yanzu yana ɗaukar lokacinsa. Ayar nan ta Suratur Ra'ad da tace da ambaton Allah zukata suke natsuwa, ban taɓa shakkarta ba, ni ce dai ban taɓa tsayawa ba balle natsuwar ta same ni a waje ɗaya. Har maganar cin abinci, kaso ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi, sai da na gwada 4 da 6 bayan na nartsi tuwon shinkafa da miyar taushe sannan na gane ta a jikina, dayafram ɗin ba inda zai sauka, an cike masa gida.

To yanzu ƙorafi, kuma ba kaɗan bane.

Na farko janareta. Wanda ya tsara wajen ya ajiye shi daidai bayan tagar ɗakin da ake ajin, in ba wuta aka tada shi hayaƙin yana shigowa, ki ga mata goma sha biyar a kwance ana ce musu ku ja a hankali ku cika huhu, da me, da hayaƙin fetur? Mun yi magana sau biyu aka ce za a matsar, har yau yana nan, sai dai a rufe tagar a kunna fanka. Na biyu turaren wuta. Yarinyar da take zama a gaba tana son wajen ya yi ƙamshi, Allah ya saka mata, amma ranar nan ta turara ɗakin ya yi duhu kafin mu shigo, wata baiwar Allah mai asma ko zama ba ta yi ba ta fara tari, sai waje aka fita da ita tana laluben inhela a jaka. Ni ma ina son turare, gidana ba ya rabuwa da shi, amma hayaƙi hayaƙi ne ko na sandal ne ko na gawayi.

Na uku shi ya fi ɓata min rai. Akwai Lahadin da Anti ta yi tafiya aka bar mu da mataimakiyarta, yarinya ce mai fara'a amma da alama a TikTok ta yi digirinta. Ta zo mana da wani salo na haki da sauri sau talatin sannan a riƙe numfashi, irin na baturen nan ɗan Holan mai shiga ƙanƙara Wim Hof, tana cewa zai wanke guba daga jiki, yana maganin suga, yana narkar da tumbi. A zagaye na biyu yatsuna suka fara tsiriri, leɓena ya yi nauyi, ɗakin ya fara juyawa, tace yawwa gubar ce take fita. Wace guba? Abun da aka koya mana a sati na biyu ne, na kori kabon dayoksaid ɗina da yawa. Na tsaya na koma numfashina na hankali ya wuce. A ɗakin nan fa akwai masu hawan jini irina, akwai mai ciki wata biyar, ba wadda aka tambaya. Irin wannan salon ko masu yinsa suna gargaɗin kar a yi a ruwa ko ana tuƙi dan mutum yana iya suma. Da Anti ta dawo na gaya mata, ranta ya ɓaci ta bamu haƙuri a gaban kowa kuma ba a sake ba, amma tun farko bai kamata a bar aji a hannun wadda ba ta san wannan ba.

Sai 'yan ƙanana, wani shayin ganye da suke tallatawa a teburin gaba dubu 8 wai yana buɗe huhu, ban saya ba kuma ban ga Anti ta taɓa ambatarsa ba. In kin yi fashi ba a rama miki. Ba wajen ajiye yara. In aka cika sosai Anti ba ta samun zagayawa kan kowa, kuma zagayawar nan ita ce abun da kika biya, dan duk bayanin da na rubuta a sama kyauta yake a intanet in kina da data, abun da waya ba za ta yi miki ba shine ta tsaya a kanki tace kafaɗarki ta ɗaga, sauke ta, kin matse haƙora, saki. Bayan gida dai tsaf yake da ruwa, wannan na yaba.

In tauraro biyar ake bayarwa, Anti ta ci biyar ɗinta, gidan kuma biyu da rabi saboda janareta da turare da ranar gubar nan. Mai asma ko ciwon zuciya ko mai juna biyu ta fara jin ta bakin likitanta, kuma ta tambaya wa zai ɗauki ajin ranar kafin ta biya. Wata ɗaya ya isa a gyara miki hannu, na biyun da na ƙara ni dai dan zumunci ne da kuma tsoron kar in watsar. Na uku bazan biya ba, dubu 15 da kuɗin keke zuwa Malali sau takwas ba wasa bane a albashin malamar firamare, zan dinga leƙawa da dubu 3 ɗina jefi-jefi in na ji na fara komawa gidan jiya. Ƙullin shinkafar na haɗa nawa a gida, shekaranjiya na neme shi na rasa, na leƙa falo na tarar Baban yara kwance a kan kafet da shi a tumbi yana ƙirge a hankali, da ya gan ni yace shi fa bayansa ne yake ciwo ya ɗan miƙe.